Daga Bodija Zuwa Ijaye a Kan Keke

Idan Yarbanci kuke ji a gida, to kun san wata kalmar Hausa tun kafin ku shiga ajin Hausa, wato keke. Bahaushe ya aro ta ne daga bakin Bayarabe, kamar yadda ya aro agogo da ashana da akawu. Shi kuma Bayarabe yana cewa alubosa da alafiya, kalmomin da suka yi kusa ƙwarai da albasa da lafiya na Bahaushe. A kasuwa ake irin wannan aro, da kuma kan hanya, inda mutane ke tsayawa su gaisa su yi ciniki. Saboda haka nake ganin ya kamata duk makarantar sakandaren Ibadan da ke koyar da Hausa ta riƙa fitar da ɗalibanta, ko da sau ɗaya a shekara, su bi hanyar arewa a kan kekuna, daga Kasuwar Bodija zuwa ɗan ƙaramin garin nan na Ijaye.

Me ya sa za a fara daga Bodija? Domin a nan ne za ku ji Hausa tana aiki. An buɗe kasuwar a 1987, bayan da kasuwar kayan abinci ta Orita Merin ta yi wa jama'a kaɗan. Da sassafe manyan motoci ke sauke buhunan wake da masara da gero da albasa da busasshen barkono, yawancinsu daga Arewa. Masu sayar da su da dama Hausawa ne, wasu baƙi, wasu kuwa haifaffun Sabo, unguwar da aka kafa wa Hausawan Ibadan kusa da Mokola a 1916. Kakanninsu fataucin goro da shanu ne ya kawo su: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu. Ku tsaya gaban mai wake ku ce, "Sannu da kasuwa, Alhaji. Nawa ne mudu?" Zai amsa muku da fara'a, watakila ma ya gyara muku, ya ce a Ibadan da kongo ake awo. Darasin da kuka yi mako guda kuna haddacewa, a nan za ku ga amfaninsa cikin minti biyu.

Wani zai ce, to ai bas ɗin makaranta ya fi sauƙi. Haka ne. Amma wanda ke cikin mota ba ya gaida kowa. Gilashi ya raba shi da jama'a, kafin ya ɗaga hannu an wuce. Mai keke kuwa tafiyarsa daidai take da gaisuwa. Yana iya ce wa manomi "Sannu da aiki," ya kuma ji an amsa masa kafin ya yi nisa. Yana jin hawa a cinyoyinsa, yana jin gangara a fuskarsa, don haka ba zai taɓa mantawa da cewa Ibadan gari ne na tuddai ba. In tayarsa ta sace, dole ya nemi mai faci, ya zauna a benci, a yi hira. Ɗan koyon harshe ba ya da abin da ya fi buƙata kamar dalilin tsayawa ya yi magana da wanda bai sani ba, keke kuwa ba ya rowar irin wannan dalili.

Daga Bodija za ku bi ta ƙofar Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ku wuce Ojoo, ku kama tsohuwar hanyar Oyo. Nan gaba kaɗan akwai Shasha, sai cibiyar binciken aikin gona ta IITA da aka kafa a 1967, sai Moniya, hedikwatar ƙaramar hukumar Akinyele, inda tashar sabon jirgin ƙasa na Legas take. A Moniya za ku karkata zuwa hanyar Iseyin, mai tsawon kilomita 65, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2021. Daga nan hayaniya take raguwa. Gonakin rogo da masara ne dama da hagu, da itatuwan yazawa da mangwaro, da mata masu suyar garin rogo a ƙarƙashin rumfa, wani lokaci kuma da Bafulatani yana kora shanunsa a gefen kwalta. Shi ma ku gaishe shi da Hausa, akwai yiwuwar ya amsa.

Wanda ya shiga Ijaye a yau zai ga gari ne shiru na manoma, har ya yi zaton haka yake tun asali. Ba haka ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19 Ijaye na cikin biranen da suka fi ƙarfi a ƙasar Yarabawa, tana kafaɗa da kafaɗa da Ibadan. Mai mulkinta shi ne Kurunmi, wanda ke riƙe da sarautar Are Ona Kakanfo, wato babban sarkin yaƙin daular Oyo. Da Alafin Atiba ya rasu a 1859, aka naɗa ɗansa Adelu. Kurunmi ya ƙi yarda, domin bisa tsohuwar al'ada babban ɗan Alafin yakan bi ubansa kabari ne, ba ya hawa gadonsa. Ibadan ta goyi bayan Adelu, Egbawan Abeokuta suka goyi bayan Ijaye, yaƙi ya ɓarke a 1860. Mayaƙan Ibadan, a ƙarƙashin Balogun Ibikunle da Ogunmola, suka yi wa garin ƙawanya, suka datse hanyoyin da abinci ke shigo masa daga yankin Oke Ogun. Yunwa ta yi wa mutanen Ijaye ɓarnar da bindiga ba ta yi musu ba. Kurunmi ya rasu a 1861, garin ya faɗi a 1862, waɗanda suka tsira da yawa suka gudu Abeokuta, inda har yanzu akwai unguwa mai sunan Ijaye. Wasunku sun karanta wannan labari a wasan kwaikwayon Ola Rotimi mai suna Kurunmi. Karatun na da kyau, amma gani ya kori ji.

Ku lura da abin da ya ci Ijaye: an toshe mata hanya. Ɗalibin da ya ga tulin buhuna a Bodija da safe, ya taka feda a kan hanyar da wasu daga cikinsu suka biyo, sannan da hantsi ya tsaya a inda birni ya mutu saboda rashin abinci, ba ya buƙatar dogon bayani. Kuma maganar ba ta tsufa ba. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Shasha, wadda za ku wuce ta kusa da ita. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. Bayan haka 'yan kasuwar Arewa suka dakatar da kai kayan abinci Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir da albasa suka yi tsada a Ibadan da Legas, a Arewa kuwa suka yi kwantai a hannun manoma. Kowa ya yi asara. Hausar da kuke koya tana cikin abubuwan da ke riƙe wannan hanya a buɗe, domin wanda kuka saba gaisawa da shi da harshensa yana da wuya a zuga ku a kansa.

Iyaye za su ce hanyar tana da haɗari, kuma gaskiyarsu ne. Tsakanin Ojoo da Moniya tireloli da tankoki da tasi da 'yan acaba ne ke kokawar neman wuri, ba wanda ke ganin mai keke da daraja. Ni ba zan bar ɗan aji ɗaya ya tuƙa keke a wannan yanki ba. A ɗora kekunan ƙanana a mota zuwa Moniya, su fara tuƙi daga can. Manya su tafi a jere, malami gaba malami baya, kowa da hular kwano da riga mai haske, an duba birki da sarƙa tun daren jiya, an tanadi famfo da ruwan sha. A sanar da masu gari a Ijaye kafin a je, domin baƙo ba ya faɗa wa gari haka kawai, kuma dattawan ne za su nuna muku abin da ido ba zai gane da kansa ba.

Sauran aikin na hukuma ne. A Holan, an ware wa masu keke layinsu a gefen titi, har yara ke zuwa makaranta a kai. Burkina Faso, wadda ba ta fi mu arziki ba, tana shirya gasar tseren keke ta Tour du Faso tun 1987, shekarar da aka buɗe Bodija. Ja wa masu keke layi a gefen hanyar Moniya zuwa Iseyin, da kafa allon tarihi a Ijaye da Yarbanci da Hausa da Turanci, ba zai kai kuɗin kwaltar kilomita ɗaya ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, sai dai a Ibadan wannan tsakiyar damina ce. Ni na fi son wata Asabar a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu kuma ba ta yi yawa ba. Ku tashi da gari ya waye, ku dawo kafin la'asar. Kowa ya riƙe ɗan littafi a aljihu, ya rubuta duk sabuwar kalmar da ya ji da wurin da ya ji ta. Ranar Litinin za a tambaye ku farashin wake a Bodija da sunan sarkin yaƙin Ijaye, da Hausa kuma za ku amsa.