Wahalar ƙuruciya da shan taba

Yaron da aka haifa a Karofane a 2005, shekarar da yunwa ta auka wa jihar Tawa bayan fari da fara, ya cika shekara 20 a 2025. Idan ka gan shi a kasuwar Buza ko a tashar Madawa da karan sigari a baki, kada ka yi saurin cewa taurin kai ne kawai.

A cikin taba akwai wani sinadari mai suna nikotin. Da zarar an zuƙi hayaƙi, yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 20 ko ƙasa da haka, ya sa mutum ya ji sanyi a ransa. Wannan sanyi ba ya daɗewa. In ya wuce sai ƙunci ya dawo, sai a nemi wani kara.

To, ba kowace ƙwaƙwalwa ke karɓar nikotin iri ɗaya ba. Duk lokacin da yaro ya firgita, jikinsa yakan saki sinadarin da ke shirya shi gudu ko faɗa. In firgita ta zama ta kullum, saboda duka, zagi ko rikicin iyaye, sai ƙwaƙwalwarsa ta girma cikin zaman ɗar-ɗar. Ga irin wannan yaro, ɗan sauƙin da taba ke kawowa babban abu ne, shi ya sa take saurin kama shi, barinta kuma ya yi wuya. Ka tuna ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

A 1999 likitoci a Amurka sun bayyana sakamakon binciken mutum fiye da 9,000. Waɗanda suka sha wahala iri 5 ko fiye a ƙuruciya sun ninka waɗanda ba su sha ko ɗaya ba fiye da sau 5 wajen haɗarin soma taba tun suna shekara 14 ko ƙasa. Binciken bai ƙirga yunwa ba. Amma kai ka san abin da yunwa ke jawowa gida a ƙasar Adar: maigida ya tafi bida Abijan ko Libiya, aure ya mutu, a kai yaro riƙo inda ba mai jansa a jiki. Rabuwar iyaye kuwa tana cikin abubuwan da aka ƙirga.

Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a 2006, wadda ta taƙaita tallarta da shanta a wuraren taruwar jama'a. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta shiga ɗaki ta ga yadda ake renon yaro.

Saboda haka, in ka kama ɗanka da sigari, bulala ba magani ba ce. Ita ce ma ke ƙara firgitar da ta kai shi can. Ka zauna da shi, ka tambayi abin da ke damunsa. Kada ka aiki yaro sayen sigari ko taba gari, kada kuma ka ba shi ya kunna maka. In ya riga ya kamu, ka raka shi likita, domin wanda ake taimaka wa ya fi samun ikon bari.