Takubba shida: shin adadi kaɗai ya isa auna gwanin kokawa?

Duk wanda ya zauna a fadar matasa a Birni ko Zango cikin Damagaram ya san musun. Da an ɗora shayi aka taɓo kokawa, sai wani ya ce: "Issaka Issaka takobi shida gare shi, magana ta ƙare." Haka abin yake a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu da ke Libiya da Aljeriya. Ni a ganina maganar ba ta ƙare ba.

Babu mai musun bajintar Kadri Abdou na jihar Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka. Takobinsa na shida ya ɗauke shi ne a Agadas a watan Disamban 2023. Sa'a tana iya ba mutum takobi ɗaya, amma ba ta ba shi shida.

Sai dai mu dubi yadda gasar take. 'Yan kokawa 80 ne ke shiga, goma daga kowace jiha cikin jihohi takwas, kuma kaye ɗaya ya isa ya fitar da mutum daga neman takobi. Ƙuri'a ce ke haɗa wasu karawar. Gwani na iya haɗuwa da gwani tun da wuri, ɗaya ya faɗi, shekararsa ta tafi a banza. Wani wasan kuma gargaɗin alƙali ne ke raba shi, ba tare da kowa ya taɓa ƙasa ba. Adadin takubba ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma batun zamani. Tun da aka fara gasar a Tawa a 1975, lokacin da Yacouba Kantou na Maraɗi ya zama sarki na farko, dokoki da horo da kuɗin da ke ciki duk sun sauya. Jera gwanayen jiya da na yau a ce wanda ya fi takubba ya fi kowa, kwatanta abubuwa biyu ne da ba ma'auni ɗaya aka auna su ba. Filin kokawar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, kuma dattawan da suka gan shi a fili salonsa suke ba da labari, ba lissafi ba.

A Amurka ma an yi irin wannan musu a wasan besbol. A 2002 ƙungiyar Oakland Athletics ta yi nasara sau 20 a jere da 'yan wasa masu araha, domin ta duba alƙaluman da sauran ƙungiyoyi suka raina. Ba ta daina lissafi ba, ta gyara abin da take lissafawa ne.

Shi ne abin da muke buƙata. Hukumar kokawa ta jihar Damagaram ta riƙa ajiye kundin kowace karawa: wa ya kayar da wa, cikin minti nawa, da kaye ko da gargaɗi. Mu 'yan jarida ma da laifinmu, domin sarki kaɗai muke bugawa.

Abin da ke cikin haɗari shi ne yaron Mirya ko Magarya da ya kayar da manya uku kafin ya faɗi. Yau yana komawa gida ba tare da wata shaida ba, gobe ya haƙura ya kama hanyar Agadas neman kuɗi. Da akwai kundi, da mai horarwa da attajirin da zai ɗauki nauyinsa sun san da zamansa.