Waɗanda suka fassara Winning Eleven ba su jira Konami ba

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa, musamman mu da karatu ya kawo Kudu, maganar gem zan yi, amma ku daure ku karanta har ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san Winning Eleven na PlayStation ta farko. Kamfanin Konami na Japan ne ya yi shi, na 3 ya fito a 1998, shekarar kofin duniya na Faransa. In ka ɗauki Najeriya ka tura wa Tijjani Babangida ɗan Kaduna ƙwallo ta gefe, sai dai a bi shi da kallo. Amma rubutun cikinsa da Japananci yake. Mai sharhi Jon Kabira na ta ihu, ba mai jin ko kalma ɗaya. Haddacewa kawai ake yi: sauka sau biyu, danna da'ira, a fara wasa.

Daga baya aka ga Winning Eleven 2002 yana yawo da Turanci, alhali don kasuwar Japan aka yi shi. Wa ya fassara? Masu son gem ɗin ne da kansu, ba albashi, ba kwangila. Sun buɗe fayilolin faifan, suka gano inda kowane rubutu yake, suka sauya shi harafi bayan harafi. Wasu kalmomin ma hotuna ne, sai da aka sake zana su. Gurbin kowane suna ƙayyadadde ne, in ka zarce shi gem ɗin na iya lalacewa. Da suka gama, sai suka fitar da ɗan ƙaramin fayil, wato faci, mai ɗauke da canje-canjen kaɗai, kowa ya ɗora a kan nasa. 'Yan Brazil kuma suka yi Bomba Patch a PlayStation 2, da kulob-kulob ɗinsu da sharhi da harshensu.

To mu fa? Muna da masu karanta kimiyyar kwamfuta da masu nazarin harshe a Legas, Ibadan, Nsukka da Fatakwal. Kullum ƙorafinmu shi ne manhajoji ba sa jin Hausa, amma jira muke wani kamfani a Amurka ya tuna da mu. Ni a ganina ba zai tuna ba, sai ranar da ya hango riba.

Na san wani zai ce ai wasan yara ne, kuma kowa na jin Turanci. Kowa a jami'a, e. Ƙanenka da ke gida fa? Batun wasan yara kuwa, ka gwada ka gani. "Bugun daga kai sai mai tsaron gida" ba zai shiga gurbin haruffa goma ba, dole ka koma "fenareti". "Satar gida" ta shiga daidai. Su ƙ da ɗ da ɓ babu su a cikin haruffan gem ɗin, sai ka zana su da hannunka ka nema musu mazauni. Wanda ya warware wannan ya kama hanyar fassara manhajar banki ko ta asibiti, don matsalolin kusan iri ɗaya ne. Kuma ya fi aikin kammala karatun da za a kwafo daga intanet, a ɗaure, ya sha ƙura a ofishin sashe.

Shawarata: kada a fara da babban buri. Mutum uku sun isa, ɗaya mai kwamfuta, ɗaya mai Hausa, ɗaya mai zane. A fara da shafin farko na gem ɗin da kalmomin ƙwallo kamar hamsin. DuckStation ko ePSXe za su buɗe shi a kan kowace ƙaramar kwamfuta, don haka ba sai an nemo tsohuwar na'ura ba.

Wanda ke da sha'awa ya rubuta makarantarsa da abin da ya iya a ƙasa. Hutun zangon nan ya ishe mu gwaji.