Ba akwala ba ce: zare kan Land Cruiser ɗin Baba da masu cewa "a sauke inji"

1/
Jiya na saka hoton motata, wani ya ɗauko ya rubuta a kai: "Wannan akwalar ai sai 'yan gwangwan." Jama'a suka yi ta dariya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na kwana na tashi sai na ga ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. To ku gyara zama, zaren da tsawo 🧵

2/
Motar Toyota Land Cruiser ce, HJ60, ƙirar 1985. Ta girmi yawancin masu dariyar. Injinta 2H ne, silinda 6, lita 4, man gas take sha, babu turbo, babu kwamfuta. Ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Daga Turai aka shigo da ita ya saya a hannu, ya yi shekaru yana kai mu ƙauye da ita.

3/
Abin da nake so in faɗa ɗaya ne. Yawancin tsofaffin motocin da muke tura wa 'yan gwangwan ba tsufa ne ya kashe su ba. Canki-canka ne ya kashe su: bakanike da ba ya bincike, da mai mota da ba ya tambaya. Ni ma saura ƙiris in shiga sahunsu.

4/
Bayan rasuwar Baba motar ta fara wani hali. Ka murɗa makulli, ta tashi lafiya lau, ƙarar injin garau. Ka ƙirga daƙiƙa kaɗan, ɗif, ta mutu. Ka sake tayarwa, ta sake mutuwa. Kullum haka, safe da yamma.

5/
Gareji na farko aka ce filtar gas ce. Wannan ban ga laifinsu ba, nan ya kamata a fara dubawa. Aka canza, shiru. Sai aka ce nozul ne, aka kwance guda 6 aka kai wanki. Shiru. Gareji na biyu aka ce famfon injekta ne, a cire a kai gyara. Na biya, aka mayar, halin bai canza ba.

6/
Gareji na uku wani matashi ya fito da na'urar gwaji a hannu, yana leƙa ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona. Malam, ramin da kake nema sai 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka. Da bai samu ba, ogansa ya ɗora hannu a bonet ya yanke hukunci: "Alhaji, inji ya gaji. Sai an sauke."

7/
Ko bai buɗe komai ba. Bai auna komai ba. Kuɗin da ya ambata kuwa zai sayi babur sabo fil. Da na kai labari gida Yaya ya ce, "Ka ga ni dai na gaya maka. A kira masu awo su auna ta a raba kuɗin, a huta." Hajiya ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shige ɗaki. Wannan shirun ya fi min maganar Yaya ciwo.

8/
Na roƙi mako biyu. Wani abokin Baba ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon bakanike da ya daina aiki, idonsa ma ya fara rauni. Ya zo a bayan acaɓa da 'yar jakarsa. Tambayarsa ta farko: "Yaro, in za ta mutu, shaƙewa take tana tari, ko kuwa ɗaukewa take kamar an kashe makulli?"

9/
Na ce, "Baba, ɗaukewa take lokaci guda." Ya ce, "Kullum a ƙirge ɗaya?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To ba yunwar mai ba ce. Injin da iska ta shiga bututunsa ko filta ta toshe, kakkarwa yake yana jan rai kafin ya mutu. Wannan kashe ta ake yi. Mu nemo mai kashewar."

10/
Gareji uku, babu wanda ya yi min wannan tambayar. Kyauta ce fa. Ba ta buƙatar sifana.

11/
Ya sa ni na tayar, shi kuma ya tsaya gefen injin ya ɗora yatsa kan wani siririn ƙarfe da ke haɗe da famfon injekta. Mota ta tashi. Can sai ƙarfen ya motsa da kansa, inji ya ɗauke. Ya yi murmushi ya ce, "Ga ɓarawon."

12/
Ga bayanin. Injin gas ba shi da filogin wuta irin na fetur, don haka yanke masa lantarki ba ya kashe shi, sai an yanke masa mai. A 2H akwai wata 'yar mota ta lantarki, EDIC, da ke tura wancan ƙarfen matsayi 3: na tayarwa, na tafiya, da na kashewa.

13/
Kuma an haɗa ta da wani ɗan suwic mai lura da ƙarfin bugun baƙin mai. In ya ce mata mai ba ya zagayawa, sai ta kashe injin kafin ya ci kansa. Wato motar ba lalacewa ta yi ba. Aikinta take yi: wani ya gaya mata babu mai, ita kuma ta yarda.

14/
Nan wani yaron gareji da ke kallo ya ce, "Ai shi ke nan, a yanke wayar kawai." Dattijo ya harare shi. "In kuma gaskiya suwic ɗin ke faɗa fa? Ka toshe bakin mai gadi, ɓarawo ya shigo ka ce ƙaddara?" Ya ciro geji na hannu daga jaka ya ɗaura, muka auna bugun man na gaske.

15/
Allura ta hau inda ya kamata ta tsaya. Inji lafiyarsa ƙalau. Suwic ɗin ne ya tsufa yake ƙarya. Na samo wani a Kofar Ruwa, kuɗinsa bai kai abin da na kashe a wankin nozul ba. Aka ɗaura, na murɗa makulli, muka tsaya muna ƙirge. Ba ta mutu ba. Har yau.

16/
Injin da aka ce a sauke ke nan. Da na yarda, da an buɗe lafiyayyen inji a kan rairayi, an zuba masa ringi da mital da ba a san asalinsu ba, an mayar, kuma ta ci gaba da mutuwa tunda suwic ɗin na nan. Daga nan sai a ce "ai tsohuwa ce." Haka ake ƙera akwala.

17/
Kar wani ya ce na zagi kanikawa. Wanda ya ceci motar ma bakanike ne. Faɗana da ɗabi'a ne: duk abin da ba a gane aikinsa ba a cire a jefar, duk abin da ba a gano ba a ce inji ne. Mu masu mota kuma mun fi son jin "a canza" da jin "ba ni kwana biyu in bincika."

18/
Misali mafi shahara: tamostat. Mota ta yi zafi, sai a cire shi a ce "wannan na ƙasar sanyi ne." Toyota na sayar da irin motar nan a Saudiyya da Ostareliya, da tamostat ɗinta. Zafin can wasa ne? Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai digiri 80 da ɗoriya, sannan ya buɗe.

19/
In ka cire shi, da safiyar hunturu inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa. Ainihin ciwon kuma yana nan: lagireto da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa, ko fanka da ta daina kamawa, ko murfin lagireto da ya saki, ko fanbel. Ba ka yi magani ba, ka ɗage ranar kuka ne.

20/
Misali na biyu: wuta. Tawa volt 24 ce, batir biyu a jere. Na tarar an ja wayar rediyo daga batir ɗaya don a samu 12. Sakamako: ɗaya kullum a yunwace, ɗayan caji na yi masa yawa, duk biyun su mutu da wuri. Shekaru ana zagin masu sayar da batir. Ƙaramar na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ta kashe maganar.

21/
Na uku laifin direbobi ne. Motar nan ba kullum take ja da ƙafa huɗu ba. A kwalta H2 ake tafiya. In za ka shiga laka ko yashi, ka sauka tun kafin ka shiga, ka murɗa makullan tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, sannan ka sa H4, ko L4 in wurin ya yi tsanani.

22/
Amma ka bar ta a H4 kan busasshiyar kwalta don burga? Babu abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya a cikinta. Duk kwanar da ka sha ƙarafan na murɗe juna, sitiyari ya yi tauri, taya ta ci, wata rana wani abu ya ɓalle. Sai ka zo nan ka rubuta cewa tsofaffin motoci ba su da amana.

23/
Ga wani da na koya da kuɗina. In ka ga wani baƙin kunu na zuba ta bayan tayar gaba, man giya ne ya tsallake sil ya gauraya da giris. Ƙara giris ba ya tsayar da shi. Kwancewa ake, a wanke, a canza sil da gaskit, a duba boris. Aikin yini ne mai datti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

24/
Yanzu bari in faɗi inda masu dariya ke da gaskiya, don ba waƙar yabo na zo yi ba. Babu jakar iska ko ɗaya a motar nan. Babu ABS. Birkin baya ganga ne. Doguwa ce, in ka sha kwana da gudu za ta iya kifewa. A haɗari, ƙaramar mota ta zamani ta fi ta kare rai, nesa ba kusa ba.

25/
Sifirin ɗinta na faranti ne gaba da baya, in babu kaya a ciki ƙugunka zai ba da labari. Ba ta da sauri. Gas kuma kun san kuɗinsa. Shi ya sa ba na zuwa ofis da ita, ba na kuma tsere da kowa a hanyar Kaduna. Wanda zai sayi mota ɗaya tak don kai yara makaranta, kar ya sayi wannan.

26/
Akwai kuma ciwon da ni ma zan ce a haƙura: tsatsar shasi. Motocin da suka sha gishirin titunan Turai lokacin ƙanƙara sukan ruɓe daga ciki. Kafin ka saya ka kwanta ƙarƙashinta da guduma, ka ƙwanƙwasa, musamman wajen maƙalan sifirin na baya. Inji ana gyarawa. Ƙashin baya in ya ruɓe, fenti ba ya ceto.

27/
To me ya sa nake riƙe da ita? Ku zo garinmu a watan Agusta. Daga inda kwalta ta ƙare, hanyar laka ce da kwazazzabai. Ita ke fito da buhuna, ita ke kai mara lafiya asibiti in dare ya yi. Ba a tambayar shekarar ƙira a bakin rafi.

28/
Ba ni kaɗai ba ne. Ku hau tsaunin Mambila ku ga tsofaffin Land Rover na ɗaukar kaya a hanyoyin da sabbin motoci ke tsoro. Ku tambayi direbobin Agadas me suke shiga Sahara da shi. Toyota kanta ta fito da jerin 70 a 1984, kuma har yau tana ƙera shi, ƙungiyoyin agaji na saye. Sun rasa kuɗin sabon yayi ne?

29/
Dalilin a fili yake: abin da za ka iya ganewa, za ka iya gyarawa a inda babu kowa. 2H ko bel ɗin taimin ba shi da shi, haƙoran giya ne ke juya shi. In iska ta shiga layin gas, akwai ɗan famfon hannu a jikin injekta, ka sassauta noti ka buga har kumfa ta ƙare, ka ɗaure, ka tafi.

30/
Abin da ke ba ni tsoro shi ne dattijon nan. Ilimin da ya gano ciwon motata cikin rabin awa yana kansa ne kawai, kuma ya ce min yaran yanzu ba sa zama su koya. Mu kuma da ke da waya da intanet, littafin gyaran motar na nan ana samu, amma mun fi son saka hoton motar wani mu yi dariya.

31/
In kana da tsohuwar mota, ko ma sabuwa, kafin ka biya kuɗin kowane gyara yi tambaya 3:
Me ka auna?
Me ya nuna maka wannan ne ya lalace?
In an canza bai daina ba, wa zai biya?
Bakaniken kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, ɗauki makullinka.

32/
Kuma ka sayi ɗan littafi ka ajiye a mota. Ranar da aka canza baƙin mai, kilomita nawa, me aka taɓa, wa ya taɓa. Na tarar da na Baba a aljihun gaba, da rubutunsa, shafi bayan shafi. Daga inda ya tsaya na ɗora.

33/
Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Hajiya ƙauye a cikinta. Yaya ne ya zauna a gaba. Da muka tsallake rafi ya ce, "Kai, wannan abar har yanzu da sauranta." Na ce, "Yaya, masu awon fa, in kira su?" Ya ce in kula da hanya.

34/
Shi kuma ɗan'uwa mai "sai 'yan gwangwan", ban riƙe ka ba. Damina na tafe. In ka maƙale a hanyarmu ka turo saƙo, igiyar ja na bayan mota. Masu irin wannan motar kuma, ku faɗa min abin da aka taɓa ce muku a sauke inji a kansa, da abin da ya zama daga baya. Ina karantawa.