Kwale-kwalen Gulbin Rima: Gadon da Bai Kamata Ya Salwanta Ba

Ɗalibin da ya taso a unguwar Mabera ta birnin Sakkwato ya fi sanin ruwa a matsayin ambaliyar da kan cika tituna da damina. Da wuya ya tuna cewa birnin nasa yana zaune ne kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ruwan da ke gangarawa ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kogin Kwara. Tun kafin zuwan mota, Sarkawa ke fito da mutane da hatsi da dabbobi a kan wannan ruwa, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Ruwa. Yau tsofaffin jiragensu suna ruɓewa a bakin gulbi, ba mai waiwayarsu, kuma wannan asara ce ga tarihi da kimiyya baki ɗaya.

Sassaƙa jirgi daɗaɗɗiyar fasaha ce a ƙasar nan. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwale-kwale a binne. Da masana suka auna shekarunsa ta hanyar sinadarin kabon, sai aka gano ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa kuma ya ɗara mita 8. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Masassaƙin da ke rarake gungumen maɗaci da gizago, magajin wannan ilimi ne.

Wasu za su ce gada da kwalta sun riga sun kashe kasuwar kwale-kwale, don haka adana shi ɓata lokaci ne. Abin da ya faru a watan Satumba na 2010 ya isa amsa. Ambaliyar Rima ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ga malamai da ɗalibai sun koma hannun masu fito. Bugu da ƙari, ƙauyuka da dama a Goronyo da Wamakko da Shagari ba su da hanyar zuwa kasuwa ko gona da damina sai ta ruwa. Madatsun Bakolori na 1978 da Goronyo na 1984 sun sauya yadda gulaben ke cika da janyewa, amma ba su raba jama'a da jirgi ba.

Rashin kula da wannan sana'a yana cin rayuka. A watan Afrilu na 2022 mutum 29 suka rasu da jirgi ya kife a Ƙaramar Hukumar Shagari. A watan Agusta na 2025 wani jirgin ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Lodi fiye da kima da tsufan jirage na daga cikin dalilan da aka fi ambatawa a irin waɗannan haɗurra, kuma darasin yana nan cikin littafin kimiyya na sakandare. Ƙa'idar Arkimidis ta nuna cewa jirgi yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jirgin da zai ture lita 1,000 kafin ruwa ya kai bakinsa ba zai ɗauki abin da ya wuce kilo 1,000 ba, har da nauyin itacensa, kuma tilas a bar rata saboda igiyar ruwa. Tsohon Basarke ya san wannan da ido. Ɗalibi yana iya saninsa da lissafi, ya kuma bayyana wa mutanen ƙauyensu.

Maƙwabta sun nuna abin da zai yiwu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yana ɗauke da tseren kwale-kwale, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Yawuri ma tana da bikin Rigata.

Saboda haka ya kamata Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ta samo tsohon kwale-kwalen sassaƙa, da filafilinsa da gorarsa, ta ajiye inda jama'a za su gani. Ya kamata jami'a ta naɗi bayanan dattawan Sarkawa tun suna raye. Malaman kimiyya na makarantun Mabera kuwa, tafiya Kwalkwalawa ba ta da nisa. Su kai ɗalibai bakin gulbi da awo da takarda, su auna tsawon jirgi da faɗinsa da zurfinsa, su lissafa mutum nawa ya dace ya ɗauka, sannan su kwatanta amsarsu da ta mai jirgin.