Magaji ba inuwar wanda ya gada ba ne

Sau da yawa mukan ji masana suna cewa magaji mai riƙon amana ne kurum, abin da ya tarar shi yake tsarewa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihin ƴan Mormon na Amurka ya ƙaryata ta.

Joseph Smith ya kafa cocinsa a 1830. Ranar 27 ga Yuni 1844 wasu gungun mutane suka kashe shi tare da wansa Hyrum a kurkukun Carthage, cikin jihar Illinois, bai bar wasiyyar da kowa ya yarda da ita ba. Sidney Rigdon ya nemi riƙon ƙwarya. James Strang ya fito da wasiƙa yana cewa shi aka naɗa. Ranar 8 ga Agusta, a garin Nauvoo, jama'a suka bi Brigham Young da majalisar manzanni goma sha biyu. Daga baya ne aka yi ta bayar da labarin cewa a ranar an ji muryar Smith a bakin Young. Wanda ya ci gado shi ke gyara labarin gadon.

To, mene ne Young ya tsare? A 1847 ya kai mutanensa kwarin Salt Lake, nesa da idon hukuma. Auren mata da yawa, wanda Smith ya fara a ɓoye, a 1852 aka shelanta shi a fili. A shekarar nan kuma Young ya bayyana cewa baƙar fata ba zai riƙe muƙamin limanci ba, alhali a zamanin Smith, a 1836, an naɗa wani baƙar fata, Elijah Abel. Wannan hani bai faɗi ba sai 1978. Shekara 126 ke nan ana rufe wa mutane ƙofa da sunan Allah, bisa hukuncin magaji.

Masu kare shi za su ce in ba don ƙarfin halinsa ba da jama'ar ta watse. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ɗan Smith, wanda ya shugabanci wani reshe tun 1860, ya ƙi auren mata da yawa, kuma reshensa ya naɗa baƙaƙe. Littafinsu ɗaya, annabinsu ɗaya, magada ne suka bambanta.

Saboda haka duk wanda aka ce masa "haka muka gada", ya kamata ya tambaya: daga wa, kuma a wace shekara?