Ina Kiɗa Ya Dosa?

Wani malamin makaranta ya aiko mana da takarda, yana tambaya wace irin waƙa jikokinmu za su riƙa ji nan da shekara ashirin. Malam, mun gode. Gaibu dai sai Allah. A shekara ta 1962 kamfanin faifai na Decca a Ingila ya ƙi ɗaukar wasu samari huɗu, a kan wai zamanin masu jita ya wuce. Samarin nan su ne Beatles, waɗanda daga baya sunansu ya game duniya. To, in masu sana'ar sun yi kuskure haka, ina ga mu? Amma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta, don haka bari mu dubi Laraba.

Abin da muka lura shi ne, mazubi shi ke yanka wa waƙa tsawonta. Faifan garmaho na dā ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a gefe guda, sai mawaƙi ya takura. Da kaset ya zo, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, sai Alhaji Mamman Shata da takwarorinsa suka sami fili, a yi ta zuba baiti har gefe ya cika. Sa'an nan finafinan Kano suka kunno kai daga 1990, fiyano ya ture kalangu, aka shiga nanaye. Yau kuwa wayar hannu ce mazubi. Spotify, wanda ya iso Nijeriya a 2021, ba ya lissafa an ji waƙa sai an kai daƙiƙa 30, a TikTok kuma ɗan guntu kawai a ke yanka a yi rawa da shi. Ku tuna yadda "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020, mutane na kulle a gida saboda annoba.

Saboda haka ga abin da mu ke zato. Na farko, waƙa za ta ƙara gajarta, amshi ya dawo gaba, don mawaƙi na tsoron kada a wuce shi kafin ya buɗe baki. Na biyu, na'ura za ta ƙara cin aikin makaɗa, tun da yanzu akwai kwamfuta mai haɗa kiɗa da murya ba tare da kowa ya taɓa ganga ba. Na uku, waƙar yabo ba za ta mutu ba muddin ana biki, ana naɗin sarauta, ana siyasa, sai dai ta sake riga. Na huɗu, kuma shi ne muka fi ƙarfafawa, kunne zai gaji. In kowa na iya fitar da kiɗa iri ɗaya daga akwati ɗaya, abin da hannu ya kaɗa shi zai yi tsada, a koma neman kalangu da kotso da gurmi.

To, nan fa gizo ke saƙa. Ran da a ka koma nema, wa za a tarar? Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Kiɗan nan kuwa ba a takarda a ke koyonsa ba, sai yaro ya yi shekaru yana bin ubangidansa yana amshi. In sarƙar ta tsinke, kuɗi ba su ƙulla ta.

Don haka muna roƙonku, malamai da akawuna, ku da Allah ya ba ilmin rubutu. Wanda ke da tsohon kaset a adaka, ya fito da shi a juye kafin zare ya lalace. Wanda ke da tsohon makaɗi a garinsu, ya je ya gaishe shi, ya ɗauki muryarsa, ya rubuta baitocin da sunayen waɗanda a ka yi wa, da dalilin yinsu. Cikin waƙoƙin nan akwai tarihin garuruwanmu da Hausar da ba a ji yanzu a kasuwa.

Wanda ya ga ba haka ba, ya aiko da nasa ra'ayi, fili a buɗe ya ke. Allah ya sa mu dace, amin.